Shafi na Tara

Nafi'u ya ce wata shida, ƙila tara,
kafin injin bincike ya san ƙofar shagona.
Na biya, na koma kan basilla.

Kullum bayan isha'i
sai in rubuta "takalmin fata Kano",
in yi ta ja da yatsa.
Shafi na tara. Can nake,
ƙarƙashin mai katifa.

Fata ma sai ta kwana a ruwan bagaruwa,
ubana majemi ne.
Amma ita ko warinta kana ji.

Azumi ya wuce, kuɗin haya ya zo.
Ran Laraba, ana ruwa a Wambai,
waya ta yi ƙara:
wata daga Minna, lamba arba'in,
wai a shafi na biyu ta gan ni.

Ban gaya wa Nafi'u ba tukuna.