Allura a Tsuboya

Shekara arba'in ina nan, a lungun masu tukwane,
ni Tsuru, 'yar gidan Nakandakari,
da tsohon kekena, da almakashi, da farin zare.
Ban taɓa kai naushi ba, ko sauro da mafici nake kora,
amma rabin rigunan kareti na Naha ta hannuna suka bi,
kuma riga ba ta iya ƙarya.

'Yan Shotokan sun fi kowa yawa.
Jirgi ke sauke su, dogaye, rana ta gasa musu kunne,
daga garuruwan da sunansu ke karya mini harshe.
Wandonsu a cinya yake ɓarkewa,
don sukan buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata.
Su ne shinkafata, su ne kuɗin wutata.
Yawa shi kan sa zare ya ja dutse,
sun ja sunansu har bangon duniya,
ko da yake dattawan lungun nan
in an ambace su sai su kurɓi shayi, su dubi rufi.

'Yan Kyokushin kuwa, sai na jiƙa kafin in ɗinka.
Jini a ƙirji, hammata a yage.
Samari na mutuwar son su,
don an ga suna fasa ƙanƙara a talabijin.
Jikana Morihide ya bi su wata tara,
ya dawo da haƙori ɗaya a aljihu,
yana murmushi da giɓi, wai shi ne ya yi nasara.

Na Goju ba ya yagewa, ruɓewa yake.
Gishirin gumi ya ci wuyan rigar har ta yi fari fat.
In na wuce gidansu da asuba
sai in ji numfashi kamar zugazugin maƙera.

'Yan Uechi su ne asarata:
ba riga suke atisaye, daga ƙugu zuwa sama fata ce.
Wando kaɗai suke kawowa, shi ma shekara uku sau ɗaya.
Amma dubi yatsun ƙafarsu,
kamar saiwar da ta tsaga dutse.

Kowace Laraba a shagon taliya
Seikichi da Chobin sai sun ɗaga murya,
wannan ya ƙirga kofuna, wancan ya ƙirga kakanni,
romo ya huce, ba wanda ya sauka.
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sai dai akwai tsoho Tobaru.
Ɗalibai huɗu, ɗaya ma gurgu,
ƙofarsa ba allo, bangonsa ba hoto.
Baƙar ɗamararsa ta koɗe ta koma launin toka,
na ce in rina, ya ce in bar masa abinsa.
Rigarsa faci ne bisa faci,
ban san ko akwai sauran yadin farko a jikinta ba.
Rannan na ce, Baba, naka wane iri ne?
Ya sosa ƙeya, ya ce malaminsa bai raɗa masa suna ba,
da dare suke koyo, a bayan kaburbura,
wanda ya faɗi ya tashi, shi ke nan.

Da guguwar bara ta ɗaga rufin shagona,
shi ya riƙe ginshiƙin har gari ya waye,
da safe ya nemi ruwan zafi, ya tafi.

Ban san wa ya fi wa ba, ni mai allura ce.
Abin da na sani, shi ba na karɓar ko yen ɗaya,
dogon Bafaranshen nan kuwa, mai tambari uku a ƙirji,
gobe in ya zo, kuɗin biyu zai biya.