Garwar Labhuben

Yau muka kwashe ofishinsa.
Ni na riƙe kwali, ɗalibai na zubawa:
littattafai masu warin giris,
ma'aunin kauri mai karyayyen haƙori,
tabarau uku, kowanne da zare a kunne.
Can ƙasan kabad sai ga garwa,
tsohuwar garwar mai, tsatsa ta ci gindinta.
Wani yaro ya ce, a jefar?
Na ce ajiye, ka samu wuri ka zauna.

Shekara talatin da ɗaya ina yanka masa ƙarfe.
Farfesa Nautamlal Vaghela ya ja layi a takarda,
ni, Bhupat, in mayar da layin haƙoran giya,
nan Bhavnagar, a ɗakin da fanka ba ta juyawa.
Mutum ne da kan tambayi awo
kafin ya tambayi kwana.

Damuwarsa masu gishirin Kharaghoda.
Wata takwas suna cikin farin fili
suna jan ruwan zartsi daga rijiya,
dizal na cin kuɗin gishiri
tun gishirin bai bushe ba.
Ya ce rana na zuba musu a ka kyauta,
don me za su ci bashi su sayi hayaƙi?

Shekara tara muka yi a kan faranti ɗaya,
mai bin rana yadda akuya ke bin mai dusa.
Ido na gilas, ƙaramin inji, boris goma sha biyu.
An tafa masa a taro har sau uku.
Muka ɗora a babbar mota, muka kafa, muka dawo.

Kwana arba'in, saƙo ya iso:
gishiri ya shiga boris,
faranti ya sandare yana kallon gabas
kamar mai ciwon wuya.

Muka kwashi sifana muka tafi.
Tun daga nesa ya damƙi hannuna.
Abin yana juyawa.
Injinmu na yashe a gefe, kaza na kwance a inuwarsa.
Labhuben ta rataya garwa cike da ruwa a gefen gabas,
ta ɗaura dutse a gefen yamma,
ta huda gindin garwar da ƙusa.
Ruwa na ɗiga, garwa na rage nauyi,
dutse na ja a hankali,
faranti na karkata.
Da asuba ta sake cikawa.

Ya tsuguna, ya ciro agogo.
Ya ƙirga ɗigo har fatar wuyansa ta saluɓe.
Ya ce wa ya ba ki girman hudar?
Ta ce ƙusa uku na gwada, ta ukun ta yi.
Ta ce in famfo ya tsaya tukunya ta tsaya,
ni ba ni da ranar jiran birni.
Ƙafafunta duk faso, fari fat.

A hanya bai ce uffan ba.
Sai a wurin mai shayi, kofi na huce masa a hannu:
Bhupat, gobe ka goge injin daga zane.

Sauran shekarunsa a kan huda suka tafi.
Yadda zartsi ke toshe ta,
yadda rana ke sauya hanya da sanyi,
wace igiya ce ba ta ruɓewa.
Ya sa sunan matar gaba da nasa a takarda.
Masu mujalla suka ce wace jami'a take?
Ya rubuta: rijiya ta bakwai, bayan tulin gishiri.
Da ya kai mata bugun ta juya shi sau biyu,
ta ce in zai dawo
ya taho mata da takalmin roba, lamba shida.

Yanzu hannunsa na rawa, ba ya iya ɗaura noti.
'Yarsa ce za ta zo ɗaukar kwalayen.

Yaron ya ɗaga garwar wajen taga,
ya rufe ido ɗaya, yana neman hudar.
Na ce kada ka sa yatsa, za ka faɗaɗa ta.