Katako a Kan Taga

Agusta ya shigo Dominika da gumi,
teku ya yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri.
A rediyo an ce guguwa na tasowa daga gabas,
har an raɗa mata suna
tun ba a ga fuskarta ba.

Kawu Alphonse na riƙe da katako,
ɗansa Cuthbert na buga ƙusa,
gardama na kai da kawo tsakaninsu.
"Kakana ya ga irinta," in ji tsohon,
"ta yaye rufin coci,
ba wanda ya ɗora wa hayaƙin mota laifi."
"Sau nawa ya gani, Baba?
Sau ɗaya, ya yi furfura yana ba da labari.
Ni ban cika talatin ba, wannan ce ta huɗu."

Tsohon ya zare ƙusar da ke bakinsa.
Bai tanka ba. Ya ce a miƙo ɗaya katakon.

Ni ina ciki, ina naɗe takardun haihuwar yara a leda,
ina ƙirga kyandir, gwangwanin kifi, batir shida.
Can manyan birane masana na auna zafin duniya,
wasu na cewa a dakata, hujja ba ta nuna ba.
Su dakata mana. Rufinsu na kankare ne.

Da la'asar tsuntsaye suka yi tsit.
Na hango kawu a bakin gaɓa shi kaɗai,
ya tsoma hannu a ruwa, ya daɗe,
sannan ya ja kwalekwalensa tudu,
gaba da inda kakansa ke ɗaurewa.