Zanen Ladidi

Bayan isha'i, a wani ƙauye gabas da Jahun,
Ilu mai shayi ya ja igiyar janareto sau uku,
a na huɗu ya kama.
Ya hure kaset, ya goga a cinyar wando,
ya ce, "Wannan ya girmi rabinku."

Muka zauna, wasu a benci, wasu kan buhunan riɗi.
Akwati ya yi yayyafi, ya washe,
sai ga Baba Haladu yana saurayi, ko furfura babu,
ɗan wasan da aiki ya guje wa,
aljihu kamar an share.
An ce mace ake nema a wasan,
sai ya aske gashin baki, ya ɗaura zane,
ya fito Gwaggo Tabawa mai tuwon tasha.

Goruba biyu ya cusa a riga.
Ya durƙusa gaida attajirin hatsi, ɗaya ta suɓuce,
ta gangara har bakin takalmi.
Attajiri ya ɗauka, ya gatsa, ya ce, "Allah ya amfana."
Rumfa ta kece.
Talle ya ƙware da shayi, ana bubbuga masa baya,
Maikuɗi ya faɗo daga kan buhu bai daina ba.

Kashegari ga toshi: turare, atamfa, goro ɗari.
Tabawa ta rufe fuska, ta siranta murya,
"Sai na yi shawara da gida."
Can atishawa ta zo mata irin ta ƙato,
har akuyar da ke bayan fage ta tsinke igiya.

Kowa na riƙe da ciki, ban da mutum ɗaya.
Yana gefena, sanda tsakanin gwiwoyi,
haske na wasa a kan ramin kumatunsa.

Ya taɓo ni. "Kai, bar kallon fuskar. Dubi zanen.
Na Ladidi ne, na fita unguwa,
mai ruwan bula da 'yan tsuntsaye.
Kwana tara tana koya mini ɗauri, yana kwancewa.
Ta ce in na ɓata shi da miya, in kwana a tasha.
Na ɓata shi kuwa, da manja, ga shi can wajen gwiwa.
Da ta gani, dariya ta hana ta faɗa.

"Na taɓa shiga kasuwa da shi don gwaji.
Sau uku na taya gero,
mai awo yana magana da wanda ke bayana.
Tulu ɗaya na ɗauko daga rijiya,
wuyana ya yi kwana uku bai juya ba.
Ita shida take yi kafin hantsi,
ban taɓa ƙirgawa ba sai ranar."

Damina bakwai ke nan da aka kai Ladidi.
An raba kayanta, tukwane sun bi dangi,
zanen ya zama tsumma a wani gida, ko ƙunzugun jariri.
A nan kaɗai ya rage sabo,
tsuntsayensa na motsi in ya yi taku.

Attajiri ya miƙa hannu zai yaye mayafi,
janareto ya yi tari biyu ya mutu.
Mai ya ƙare.
Duhu ya cika da ihu: "Ilu, ka cuce mu!"
Wani ya haska tocila, "Baba, yaya aka ƙare?"

Ya miƙe a hankali, ya karkaɗe riga.
"An gane ni mana. Ai kullum sai an gane."

Na raka shi ta tsakanin karan dawa.
Ya zaci ba na gani:
ya tattare babbar rigarsa a ƙugu da hannu ɗaya,
yana taku ƙanana, ƙanana,
yadda aka koya masa.