Kwalba ta Arba'in da Bakwai

Lefteris ya hau bene da kwalba a ƙirji
kamar mai kai jinjiri asibiti.
"Evantiya, duba min man nan.
Wata uku ke nan ban ce wa Sifis sannu ba.
A injinsa aka matse zaitun ɗina,
ɗanɗanon kuwa ba na bara ba ne.
Ya yi min algus da man furen rana, na rantse."

Ban ce uffan ba. Na manna lamba.
A nan Sitiya kowa surukin wani ne,
shi ya sa kwalba ba ta da suna a ɗakina.

Ɗigo biyar na ɗiba, bai kai kukan yaro ba,
na narkar da shi cikin heksen,
na ƙara metanol mai kanwa a ciki,
na girgiza, ya yi gurɓi, ya kwanta,
ya rabu biyu, na sama garau.
Shi allura ta tsotsa.

Bututu siriri kamar izgar doki,
mita sittin, a naɗe cikin tanda.
Iska ta koro su, kowa da tafiyarsa:
falmitik ya riga kowa, gajere ne,
sitiyarik na take masa sawu,
sai oleyik ya miƙe a kan allo
kamar tsaunin Dikti ran da babu gajimare.
Linoleyik na baya. Shi muke jira.

Minti arba'in. Gahawata ta huce.
Tsoho na kan benci yana murza hula.

Ya ɗan ɗaga, gaskiya, ya fi na bara,
amma ba irin tashin da ha'inci ke yi ba.
Na maimaita. Na buɗe kundin shekara goma.
Duk kwarin haka mansa yake bana:
ruwa ya noƙe, zafi ya zarce Oktoba,
itace ya sauya lissafinsa a ɓoye.

"Kawu, manka ba shi da haɗi.
Rana ce ta sa masa hannu, ba Sifis ba."

Ya karɓi takarda, ya juya ta gaba da baya.
Na lura ɓarawo ya so in ba shi;
ɓarawo ai ana kai shi ƙara.
"To ita ranar, wa ke kai mata sammaci?"

Ya sauka. Ta taga na hango shi
a mararraba, ya daɗe tsaye:
hagu gida, dama injin Sifis.
Na'ura ta yi tsuwa, arba'in da takwas na jira.
Na juya ban ga inda ya nufa ba.