Hanjin Gilashi

Ƙarfe uku na dare a birnin Ghent.
Ruwa na tsiyaya kan kekunan da aka ɗaure a bakin kogi,
ni kaɗai ce a bene na biyu,
ni da tuluna biyar na gilashi a jere,
kowanne da ɗumi irin na jikin mutum.
Tiyo ya haɗa su baki da baki.
Na farko tumbi, na ƙarshe ƙofar fita.
Hanji muke kiransa a nan, kuma ba mai dariya.

Mazauna cikinsa aro ne.
Daga cikin wani dattijo aka kwaso su,
Lamba Sha Huɗu a takarda,
amma ni na gan shi ran Talata:
Odilon, tsohon mai ɗaure jiragen ruwa,
ya miƙo ɗan gwangwani naɗe cikin jarida,
kunnuwansa sun yi jawur.
Ya ce, shekara saba'in ina zubar da abin nan,
yau masu digiri ke yi mini godiya.

Na auna garin, giram biyar, fari sol,
daga saiwar shikori aka tace shi.
Tumbi ya juya shi, ya rasa makama.
Ƙaramin hanji ya leƙa, ya ce wuce gaba.
Sai a tulu na uku aka yi masa shimfiɗa,
can inda babu iska, babu fitila,
inda dubban dubbai ke zaune da yunwa
ba su da baki, amma sun iya ci.

Ba na ganinsu. Alama nake bi:
kumfa ta taso,
tsami ya ƙaru, allura ta karkata,
wari ya tashi kamar madarar da ta kwana.
Na rubuta lokaci.
Wata zuriya ta yi yawa a daren nan,
wata ta ja da baya ba tare da yaƙi ba,
abinci kawai aka sauya.

Babana Remi ya noma wannan saiwa
a laka mai kama takalmi, kusa da Oudenaarde.
A soya ta, a niƙa, a dama,
kofin wanda ba shi da kuɗin kofi.
Ya mutu yana jin kunyar ɗacinta.
Ga ta yau cikin kwalba mai hatimi,
ina ɗaukar ta da safar hannu.

Farfesa Vandaele ta hana mu cewa magani.
Ta ce ku dubi Lamba Tara:
gari ɗaya, awo ɗaya, mako uku,
ko gezau.
Kowane ciki da jama'arsa,
kowace jama'a da abin da take so.
Ta ce rubuta abin da kika gani, Marleen,
ki bar abin da kike fata a gida.

To, abin da nake fata yana asibiti,
gado na shida, gefen taga.
Kwana goma ana yi wa innata allurar kashe ƙwayoyi.
Ciwon ya tafi,
ya bar cikinta kamar kasuwa bayan gobara,
rumfuna a tsaye, ba mai saye, ba mai sayarwa.
Jiya na kai mata miyar albasa,
ta sha cokali uku don ta faranta mini.

Da abokin daka ake shan gari.
Shekara arba'in ina ci, ina cewa ni na ci.

Gari ya soma wayewa kan rufin coci.
Na wanke cokalin awo, na rataye riga.
A aljihu akwai biskit na jiya,
a jaka akwai burodi baƙi mai dusa,
wanda ya fara tauri.
Na zauna kan matakala, na gutsuri burodin,
ina taunawa a hankali
kamar mai aika saƙo gidan da ba ta taɓa shiga ba.