Tafinta a Filin Jirgin Manchesta

Ƙarfe huɗu na asuba waya ta tashe ni:
"Tafinta, zo filin jirgi,
ga wani mutum nan, Turancinsa ya gudu."
Na ɗora kwat a kan rigar barci,
ban tsaya ko shan ruwan zafi ba.

Yayyafi na ta ƙwanƙwasa gilashin tasi.
Ta ƙofar ma'aikata aka shigar da ni
wani ɗaki mai tebur guda, kujeru huɗu,
da fitila fara fat, wadda ba ta san dare ba.

Hashimu ne, mutumin Maraɗi.
Na san ƙeyarsa a sahun Juma'a.
Ga 'yarsa Nasiba, shekara shida,
da jakar goyo mai kunnen zomo,
takalmi ɗaya ba a ɗaure igiyarsa ba.

'Yar sanda ta ajiye takarda, ta ce in gaya masa:
alƙali ya yi umarni,
an aika sunan yarinyar nan kowace mafita,
filin jirgi, bakin ruwa,
har jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku.
Na'ura ta ga fasfo, ta yi ja.
Ba za ta ƙetare iyaka ba.

Na juya masa da Hausa.
Kalmar "sata" ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Amma na rantse ranar da na karɓi aikin nan:
ba ƙari, ba ragi, ba shafa wa maɗaci zuma.
Na faɗa. Bai ɗaga kai ba.

Can ya ce, "Malam, ana satar jinin kai?
Tsohuwata na kwance, ido ya tafi,
so take ta shafa kan jikarta kafin ta cika.
Mako uku ne kawai."
'Yar sanda ta turo tikiti gabana da yatsa ɗaya.
Na zuwa ne. Ba a sayi na dawowa ba.

Wannan ban fassara ba.
Takarda ta yi magana da bakinta.

Shekaranjiya ni ne bakin Suwaiba a kotun iyali.
Ta ce, "Na buɗe akwati, ba takardar haihuwa,
ba katin rigakafi, ba rigunan zafi.
In ya haye da ita, wutsiyar wa zan kama?"
Lauya ta ce akwai yarjejeniyar dawo da yara,
sai dai ba kowace ƙasa ce ta sa mata hannu ba.
Gara a rufe ƙofa tun akuya na cikin gida,
in ji Suwaiba, tana murza bakin gyale.
Shi ma na faɗa wa alƙali, har da akuyar,
ban rage ba.

Harshe ɗaya gare ni, ya ɗauki kuka biyu.
Wane ne mai gaskiya? Ba a biya na don wannan.
Wataƙila tsohuwar na kwance da gaske.
Wataƙila kuma da jirgin ya tashi,
Suwaiba sai dai ta ga 'yarta a waya
tana girma, tana manta hanyar makaranta.
Dukansu biyun na iya zama gaskiya,
ɗaya ba ta kashe ɗaya ba.

Nasiba ta ja hannun kwat ɗina,
ta raɗa mini abin da aka koya mata a mota:
"Ina kwana, Kaka. Na zo."
Ta ce, daidai ne?
Na ce daidai ne, 'yata. Ba ki yi kuskure ba.

Aka zuba fasfo biyu a ambulan, aka liƙe,
sai ranar Talata gaban alƙali.
Suwaiba ta iso da silifas, gyale jiƙe sharkaf.
Kafin ta kai hannu, Hashimu ya durƙusa,
ya ɗaure igiyar takalmin nan, ƙulli biyu,
ya daɗe a ƙasa.
Ba wanda ya ce masa tashi.

Na sa hannu a fom: awa biyu da rabi.
A waje gari ya fara wayewa, toka-toka.
Wani jirgi ya ɗaga ta kan motocin haya,
na bi shi da ido har gajimare ya haɗiye shi
da kujeru biyu da ba a zauna ba.